Zuba asiton a tankin mai: amsoshin tambayoyin direbobi, 'yan acaɓa da masu noman rani

Tun ranar 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, hirar bakin garejinmu ta sauya. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta haura 1,000 a wurare da yawa. Mai Golf ɗin da ke jigilar Ringim zuwa Kano, da ɗan acaɓan da ke kai mutane kasuwar Gujungu ranar Lahadi, da manomin da injin ban ruwansa ke kwana yana kuka a fadama, duk damuwarsu ta zama ɗaya. A wannan hali ne maganar zuba asiton a tanki wai don rage shan mai ta iso mu ta waya. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi mini, na tara su wuri ɗaya don in huta da maimaitawa.

Malam, wai mene ne ma asiton ɗin nan?

Wani ruwa ne garai, in ka gan shi a kwalba sai ka rantse ruwan sha ne, sai dai warinsa mai hawa kai. Shi ne babban sinadarin da ke cikin ruwan da mata ke goge jan farce da shi, masu fenti da masu aikin gam ma suna amfani da shi don narka abin da ya bushe. Ɗiga shi a tafin hannu, kafin ka ƙirga goma ya bushe ya bar maka sanyi. Yana tafasa a zafin digiri 56, alhali ruwa sai ya kai 100. Yana garwaya da ruwa, yana garwaya da fetur, kuma yana kama wuta da sauri ƙwarai.

Daga ina maganar zuba shi a tanki ta samo asali?

Ba sabuwa ba ce, mu ne ta iso wa a makare. Wajen 2005 ta bazu a intanet a Amurka, lokacin da su ma mai ya yi musu tsada. Ma'aunin da aka riƙa yaɗawa shi ne mililita 60 zuwa 90 a cikin lita 38 na fetur, wato kamar kashi 2 cikin 1,000. A galan ɗinmu na lita huɗu, hakan bai wuce cokalin shayi biyu ba. Masu yaɗa ta suka ce asiton yana sa fetur ya fi saurin watsewa ya zama tururi, sai ya ƙone ƙurmus a cikin inji, mota ta ƙara nisan tafiya. Bidiyon da ke yawo a WhatsApp yau, da muryar Hausa a kai, tsohon zancen nan ne aka sake wa riga.

To yana rage shan mai ko ba ya ragewa? A faɗa mana gaskiya.

Ba ya ragewa. Bari in ɗan tsaya a nan, don sauran amsoshin duk a kan wannan suke zaune.

Na farko, asiton bai kai fetur ƙarfi ba. Lita ɗaya ta asiton ƙarfin da ke cikinta kamar kashi 70 cikin 100 ne na litar fetur. Dalili kuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa iskar oksijin ce, ita kuma ba ta ba da zafi, taimaka wa wuta kawai take yi, kuma inji yana samunta kyauta daga iskar Allah. Duk cokalin asiton da ka zuba, ka cire cokalin fetur ne ka sa abin da bai kai shi ba. Kamar mai fura ce ta ƙara ruwa a nono ta ce don a fi ƙoshi.

Na biyu, matsalar da aka ce yana warwarewa babu ita. Ana cewa wai fetur ba ya ƙonewa duka, rabinsa ta salansa yake fita. In inji lafiyarsa ƙalau, abin da ke fita bai ƙone ba ɗan kaɗan ne, sama da kashi 95 cikin 100 yana ƙonewa. Asarar tana wani wuri daban. Fetur ya ƙone, amma mafi yawan ƙarfinsa zafi yake zama. Taɓa salansa bayan ka dawo daga Gumel, ko ka tsaya kusa da lagireto, kuɗinka ne kake ji yana hucin nan. Abin da ke kaiwa ga juya taya bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku ba. Haka aka ƙera inji, cokalin wani ruwa ba zai sauya wannan ba.

Na uku, fetur ba ya bukatar a koya masa zama tururi. A cikinsa akwai sinadaran da ke tafasa tun a digiri 30 da 'yan kai, ƙasa da na asiton. Wanda ya taɓa barin jarka a buɗe a watan Afrilu, lokacin da zafin Haɗeja ke haura 40, ya san yadda mai ke guduwa da kansa.

An kuma gwada. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta auna kayayyaki sama da 100 da ake tallarsu da sunan rage shan mai, ba ta sami ko ɗaya da ya yi ragin a zo a gani ba. Shi kansa asiton, wani shirin talabijin na can mai suna MythBusters ya gwada shi a 2006, motar ma sai ta ɗan ƙara sha.

Amma Oga, ni na zuba kuma na ga bambanci da idona. Ƙarya nake yi?

Ba ƙarya kake ba, ɗan'uwa, awon ne bai cika ba. Ranar da mutum ya zuba sabon abu a tanki, ƙafarsa ma tana sauyawa bai sani ba. Yana sauraron inji, yana taka totur a hankali, ba ya fizga daga tasha, ba ya gasar cin gaba da abokan layi. Wannan kaɗai ya isa ya rage mai sosai. Sai ladan ya tafi ga kwalba, alhali ƙafa ce ta yi aikin.

Wani direba da ke zuwa mini ya taɓa rantsuwa cewa Sharon ɗinsa ta rage sha tun da ya fara zubawa. Da muka zauna a benci muka bi lissafi, sai ga shi a makon ne ya sa sababbin tayoyi biyu, kuma makon da yake kwatantawa da shi mako ne na kaka, yana ɗauko buhunan riɗi har saman mota. Ya yi shiru, ya ce, "Kai Malam, ka ɓata mini magani." Na ce maganin na nan, a wajen mai faci ka saye shi.

Ga kuma allurar tanki. A motocinmu na haya, wadda allurarta ke faɗin gaskiya sai an tona. Lodi, iskar hunturu da ke bugo ka ta gaba, ramukan hanya, tsayuwa a shingen jami'ai, da gidan man da ka sha, kowanne yana motsa lissafi fiye da abin da ake jingina wa asiton.

Yaya zan gwada da kaina yadda ba zan yaudari kaina ba?

Mai mota ya cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, ya rubuta lambar da ke mita. Ya yi aikinsa, ya koma famfon nan dai ya sake cikawa, ya rubuta lita nawa ta shiga da kilomita nawa ya yi. A raba kilomita da lita. In ka yi kilomita 300 tanki ya ɗauki lita 30, kana samun 10 a kowace lita ke nan. Cikawa ɗaya ba ta isa hujja ba, a yi kamar sau biyar, a hanya ɗaya da lodi mai kama da juna. In mitarka ta mutu, ƙirga sawu: Ringim zuwa Kano da dawowa sau nawa.

Masu injin ban ruwa su ne ma suka fi kowa sauƙin awo, don injin ba shi da ƙafar direba. A bar shi ya shanye man ciki ya mutu, a auna lita ɗaya cif a zuba, a bar totur a wuri ɗaya, tiyo a rami ɗaya, a duba agogon waya minti nawa ya yi. A maimaita sau uku ko huɗu. Za ka ga ko da ba ka zuba komai ba, mintocin ba sa zuwa daidai, wani ya ɗara wani. Irin wannan ɗan bambancin ne mutane ke gani su ce magani ya ci.

Wanda ya nace sai ya gwada, to ya ba ƙaninsa kwalbar, shi ya riƙa zubawa wata rana ya ƙi zubawa wata rana, ba tare da ya gaya masa ba, yana rubutawa a takarda. Bayan sati biyu direba ya faɗi ranakun da ya ji motar ta yi sauƙi, a buɗe takarda. Gani ya kori ji.

Yana lalata inji?

Ƙarfe ba ruwansa da asiton. Roba ce abin ji. Tiyon mai, da sil-sil na injekta, da 'yar fatar nan ta cikin famfon mai da kabireta, yawancinsu an yi su da nau'in robar da ke jure fetur, kuma nau'ikan nan biyu da aka fi amfani da su, naitiril da Viton, asiton yana kumbura su ya sa su laushi. Abin mamaki, robar da ke jure asiton ita kuma ba ta jure fetur, shi ya sa ba a sa ta a hanyar mai.

Zan yi adalci: cokali ɗaya a galan ba zai narka maka tiyo a kwana ɗaya ba. Amma wa ke tsayawa a cokali ɗaya? Mutuminmu in an ce masa kaɗan na da amfani, gobe ninkawa zai yi. Kuma motocin da muke hawa sun shekara ashirin ko talatin, robobinsu sun riga sun gaji da rana. Tiyon da ya fara tsatsafo a kan inji mai zafi, ba asarar mai kaɗai ba ce, gobara ce ke jiran lokaci. Garin neman ƙiba a samo rama.

Mun ma ga misali a ƙasa baki ɗaya. A Fabrairun 2022 an shigo da fetur daga Beljiyam wanda aka tarar sinadarin metanol ya yi yawa a cikinsa, motoci suka lalace, aka janye man, layi ya dawo gidajen mai. Metanol ba asiton ba ne, amma abin ya nuna yadda hanyar mai ba ta son baƙon da ba a ƙera ta dominsa ba.

Ɗan acaɓa kuma ya kula da fentin tankinsa. Ɗigo ɗaya a kan tankin Boxer, ka goge da tsumma, sai ka ga launin ya biyo tsumman.

Motata mai kwamfuta ce, ba kabireta ba. Ita fa?

Ita ma haka. Akwai na'ura a jikin salansa da ke shinshinar hayaƙi tana gaya wa ƙwaƙwalwar mota ko mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan, don a riƙe ma'aunin iska 14.7 a kan mai 1. Ka zuba abin da ke ɗauke da oksijin, na'urar ta ji iska ta yi yawa, ƙwaƙwalwa ta ƙara buɗe injekta. In da za ka duba lafiyar wannan na'urar da ka fi cin riba, don in ta mutu mota na iya ƙara sha ƙwarai, ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ce gyaranta na iya ƙara nisan da lita ke kai mota har da kashi 40 cikin 100. Da yawa daga motocin da ke shigo mini wutar gargaɗin inji na kunne shekara da shekaru, wasu ma an liƙe ta da baƙin salatif don kada ta dami ido.

Na ji makanikai na wanke kabireta da shi. Ashe ba yana wanke inji ba ke nan?

Gaskiya ne yawancin gwangwanin feshin wanke kabireta akwai asiton a ciki. Amma dubi yadda ake yi: a kwance kabireta, a cire robobi a ajiye gefe, a fesa shi tsantsa a kan ƙarfe, a hura, a bar shi ya bushe, sannan a ɗaura. Wannan daban, ɗiga kashi 2 cikin 1,000 a tanki daban. Sabulu na wanke riga, amma ɗan ɓarɓashinsa a cikin randa ba ya wanke komai.

Ruwan goge farce da tina ta masu fenti, duk ɗaya ne da asiton?

A'a, kuma a nan aka fi yin ɓarna. Ruwan goge farce ana haɗa shi da ruwa da turare da wani mai don kada ya busar da fata, wani ma babu asiton a cikinsa sam. Tina kuwa gauraye ce ta sinadarai iri-iri, kowane kamfani da haɗinsa, wadda ake aunawa a kwalba a kasuwa kuma ba takarda a jikinta. Wanda ya zuba waɗannan, ruwa da abin da bai sani ba ya zuba wa motarsa da kuɗinsa.

Baba, a injin gas fa, kamar na niƙa ko tarakta?

Kada ka kuskura, ɗana. Injin dizal ba shi da fulogi, matsi ne ke sa mai ya kama da kansa, asiton kuwa yana da taurin kai wajen kamawa da matsi. Sannan famfon injekta da santsin man gas ɗin yake rayuwa, shi kuma asiton aikinsa ke nan wanke maiƙo. Famfon injekta ɗaya ya fi kuɗin man da kake fatan ragewa a shekara. Ƙari a kan haka, man gas ba ya kama wuta sai ya yi zafi sama da digiri 50, da ka gauraya shi da asiton sai tururin cikin tanki ya zama mai kamawa.

Ƙaramin janareton nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, shi ma a ƙyale shi. Ɗan baƙin man nan ne kaɗai ke shafe fistin ɗinsa.

In ruwa ya shiga tanki, asiton ba ya shanye shi?

Yana garwaya da ruwa, amma ɗan abin da ake zubawa ba zai ɗauke ruwan da ya kwanta a gindin tanki ba. In ka sha mai wajen 'yan bumburutu da damina babur ya fara tari, a sauke tanki a zubar, a buɗe ƙusar gindin kabireta ruwan ya fita. Aikin rabin awa ne.

Ba kamfanonin mai ne ke ɓoye sirrin don a ci gaba da saye ba?

Na san dalilin da ya sa zargin ke shiga rai, an sha mu mun warke a harkar mai. Amma asiton ba mallakar kowa ba ne, ana sayar da shi a ko'ina a duniya, an san shi tun kafin a ƙera mota. Kamfanonin ƙera motoci suna kashe maƙudan kuɗi su rage sha da kashi 1 ko 2 cikin 100 don su doke abokan gasa. Da akwai ragin kashi 20 a cikin kwalbar da ba ta kai kuɗin buhun masara ba, da Toyota ta rubuta shi a littafin mota tuntuni, da masu tireloli ɗari-ɗari sun riga mu. Sannan yawancin asiton na duniya daga ɗanyen man ake samo shi, a masana'antun sinadarai. Da ya karɓu, su ɗin dai ne za su sayar mana.

Kafur fa? Wasu na jefa ƙwaya biyu a tanki.

Ɗan'uwan wancan zance ne, ya ma girme shi. Ba ya ƙara komai a man zamani, wanda bai narke ba yana toshe matatar mai, wani nau'in kuma in ya ƙone yana fitar da asid mai cin ƙarfe. A bar shi a akwatin tufafi.

To mu da mai ya gallaba, me za mu yi?

Fara da taya. Mai faci na buga taya da ɗan ƙarfe ya ce ta yi, kai kuma ka tafi. Nemi mai geji, ka bi lambar da ke liƙe a jikin ƙofar direba, a auna da safe kafin taya ta yi zafi. Ragin na iya kaiwa kashi 3 cikin 100, ga taya ta ƙara kwana.

Sai ƙafa, wadda ita ce babba. Fizga da taka birki da gudu suna rage nisan da lita ke kai mota da kashi 15 zuwa 30 cikin 100 a babbar hanya, bisa alƙaluman ma'aikatar makamashin Amurka. Da ka wuce kilomita 80 a awa, iska ce kake saya wa mai. Na san direban haya na tseren sawu ne, ranar Alhamis kowa na son ya yi Maigatari sau biyu. Amma a lissafa, sau da yawa minti goman da aka ci a hanya a gidan mai ake biyansa. Lodin saman mota ma haka, buhun da ke tsaye a kan rufi yana tare iska fiye da nauyinsa, in da hali a kwantar da kaya a ɗaure su tsaf.

Masu kabireta, wato yawancin babura da injinan ban ruwa da tsofaffin motoci, su dubi matatar iska, musamman da hunturu. In ƙura ta toshe ta, inji na zuƙar mai fiye da kima. Cire fulogi ka duba bakinsa: in baƙi ne ƙirin da gawayi, kana ƙona kuɗi, in ruwan ƙasa-ƙasa ne, saitin ya yi. Wasu kuma cire matatar suke yi gaba ɗaya wai inji ya sha iska, sai ya sha yashi, bayan wata shida a zo ana neman ringi. Ɗan acaɓa ya duba sarƙa da birkin da ke kamawa: ɗaga ƙafar baya ka juya da hannu, in ta tsaya nan take akwai abin da ke riƙe ta.

Manomin rani kuma asararsa yawanci a tiyo take. Tiyon zuƙa da ke shan iska ta wani ɗan rami, ko wanda aka ɗaure da robar taya yana tsiyaya, ko inji da aka ajiye can sama nesa da ruwa, duk suna sa a ƙona lita a sami rabin ruwa. A matso da inji kusa da ruwa gwargwadon iko, a yi ban ruwa da sassafe ko da yamma, a gyara kwalbati kada ruwa ya bi inda ba shuka.

Na ƙarshe, ka auna abin da ake sayar maka. Samu kwalbar da ka tabbatar lita ɗaya ce, ka juye galan ɗin da ka saya a bakin hanya ka gani ko huɗun ta cika. Wani galan an ɗan dafa shi a ruwan zafi ya tsuke. Ranar da na fara wannan awon a gareji, yarana sun daina dariya da wuri.

Na riga na zuba. In sauke tanki?

In ɗan cokali ne, kwantar da hankalinka, cika tanki da fetur mai kyau ka ci gaba da aiki, kada dai ka ƙara. Nan da 'yan kwanaki ka bi tiyo da hannu, inji a kashe kuma ya huce, ka ji ko ya yi laushi ko yana jiƙewa. In kwalba guda ka juye, ko tina ce, ko a injin gas ne, kada ka tayar, a zuƙe man tukuna.

Sauran da ke kwalba fa, in zubar?

Ba sai ka zubar ba, kai wa mai fenti ko ka bar shi don wanke ƙarfe a gareji. Amma kada ya kwana a gorar ruwan sha, don yaro ba zai bambance ba, kuma mun sha ganin yadda yara ke kurɓar kananzir a irin wannan gora. A rufe shi gam a kwalbarsa, a rubuta suna a jiki, a ɗora can sama inda rana ba ta bugu, nesa da murhu da fitila da mai shan taba. Tururinsa ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya je ya sami wuta a inda take. In ya fantsama a ido a wanke da ruwa mai yawa na kamar minti 15. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a tsaya ɗura masa manja, a ɗauki kwalbar a tafi da shi asibiti mafi kusa.